Ramin takin ganye a hunturu: inda aiki ya tsaya

'Yan'uwa masu koyon haɗa taki, ga inda aka kwana da ramukan da aka cika a farkon sanyin nan. Wanda bai fara ba bai makara ba, domin yanzu ne darbejiya ke zubar da ganye, kuma ƙarshen shekara ya zo da bukukuwan aure da na Kirsimeti, gidaje na fitar da ɓawon albasa, dankali, kabeji da kankana baro-baro. Yawancin wannan shara a bola take ƙarewa, ganyen kuma a tara shi da asuba a cinna masa wuta a ji ɗumi na minti goma, hayaƙin ya haɗu da ƙurar hunturu ya tayar wa masu asma da ciwonsu. Abin da ake ƙonawar nan abincin ƙasa ne.

A wannan lokaci rami ya fi tsibi. Iskar hunturu na tsotse laima daga duk abin da ta samu a fili, tsibin da aka tara a sarari kuwa kafin mako ya zagayo gefensa ya koma ƙaiƙayi. A haƙa rami mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, zurfi santimita 60 zuwa 80, a ƙarƙashin inuwa. Idan ya gaza haka ba ya riƙe zafi, idan ya zarce mita a zurfi iska ba ta kaiwa ƙasa kuma juyawa ta zama wahala. Wanda ke da fili ya haƙa biyu kusa da juna, ɗaya a bar shi fanko saboda ranar juyi.

Ga jerin yadda ake zubi a ramin. A ƙasa kara ne da aka sassara gajeru, kaurin yatsu huɗu, don iska ta samu hanya. Sai busasshen ganye kaurin taƙi guda. Sai ɗanyen kaya, wato kashin awaki ko na shanu haɗe da ɓawon kayan miya, kaurin yatsu uku. A barbaɗa ƙasar lambu shebur ɗaya, a yayyafa ruwa, a sake daga ganye har rami ya cika ya yi ɗan tozo a sama. A taƙaice bokiti uku na busasshe, ɗaya na ɗanye. Idan kashin kaji ne a hannu, a rage shi zuwa rabi, yana da ƙarfi sosai. Gidan da aka yi yanka don biki, abin da aka zazzage daga cikin tumbi kada a zubar, yana tayar da rami da sauri, sai dai a binne shi a tsakiya saboda ƙuda da karnuka. Nama, ƙashi, mai da ragowar miya ba su shiga. Ledar fiya wata da murafun kwalba a tsince su tun a wurin shara.

Yanzu ga maganar da ta fi komai, ita ce ruwa. Kusan duk ramin da ya ƙi tashi a wannan yanayi ƙishirwa ce ta kashe shi. Busasshen ganye ba ya shan ruwa da sauƙi. Za ka zuba bokiti guda a kai ka ga saman ya jiƙe yana ƙyalli, ka tura hannu ciki ka tarar ƙayau, ruwan ya bi ta gefe ya sulale ƙasa. Maganinsa a jiƙa ganyen tun kafin ya shiga rami: a danna shi cikin duro ko tsohon baho, a cika da ruwa, a ɗora dutse ya kwana. Washegari launinsa ya yi duhu, ya yi laushi, shi ne zai ruɓe. Rami mai girman da muka faɗa yana cin jarka huɗu zuwa shida masu lita 25 a ranar cikawa, bayan haka kamar jarka ɗaya duk mako, gwargwadon yadda iska ke kaɗawa. Ba sai ruwan sha ba. Ruwan wankin shinkafa, na wankin ganye, na alwala da aka tara a bokiti, duk sun yi. Ruwan wanki mai sabulun gari da na bilic su ne a kiyaye, gishirinsu na taruwa a taki ya cutar da shuka daga baya.

Awon laima da hannu ake yi. A debo damƙa guda daga tsakiya, a matse da ƙarfi. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu kuma dunƙulen ya tsaya da aka buɗe hannu, daidai ne. Idan ya wargaje, ƙara ruwa. Idan ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa, a cakuɗa busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa. Bayan haka a rufe da tsohuwar tabarma ko buhunan algarara da aka jiƙa. Leda baƙa tana riƙe laima amma tana toshe iska, idan ita kaɗai ke akwai a huda ta wurare da yawa.

A soka rodi ko sanda mai tsawo har ƙasa a bar ta a ciki. Daga kwana na uku zuwa na biyar a zare ta da sassafe a taɓa. Ramin da ya kama, ƙarfen zai yi zafin da hannu ba ya jure riƙe shi da daɗewa, wato maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyus, kuma wannan zafi ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ke cikin kashin dabba. A safiyar da sanyi ya sauka sosai, da an ɗaga tabarmar tururi ke tashi, ƙamshin kamar ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Ya kamata mutum ya tsaya nan minti biyar kafin ya taɓa komai, ya duba launi, ya shinshina, ya ga wane ƙwaro ne ke yawo, domin abin da za a yi wa rami a ranar daga nan ake gane shi. Yara ma suna son wannan sashe, a bar su su riƙe sandar.

Abubuwan da aka fi kawo kuka a kansu zuwa yanzu: sanda ta fito da sanyi kuma a bushe, wannan ruwa ne. Ta fito a jiƙe amma ba zafi, ɗanyen kaya ya yi kaɗan, a ƙara kashin dabba a juya. Wari mai hawa kai irin na fitsari, kashin kaji ya yi yawa ko an zuba toka a kansa, kuma wannan warin sinadarin da shuka ke buƙata ne ke gudu cikin iska, a ƙara ganye. Toka dai gwangwanin madara ɗaya a kowane zubi ya isa, mutane na wuce gona da iri da ita. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa ruwa ya kwanta a ƙasa, iska ta ƙare. Akwai kuma wani fari-fari kamar toka da ake tararwa a tsakiya, masu fara koyo sukan ɗauka taki ya nuna, alhali alama ce ya yi zafi kuma ya bushe.

Tururuwa idan ta yi gida a rami, bushewa take sanarwa. Gara kuma takan shigo ta ƙasa ta bi karan nan, idan rami na da laima da zafi ba ta daɗewa, amma kada a haƙa shi jikin katangar ƙasa ko rumbu. Wurin ɗumi da laima a tsakiyar sanyi kunama ma na sonsa, don haka juyi da shebur ake yi, da takalmi a ƙafa.

Juyin farko idan zafi ya fara sauka, wajen kwana goma zuwa mako biyu. A kwashe zuwa rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, ana yi ana yayyafa ruwa. Zafi zai sake tashi, amma bai kai na farko ba. Juyi uku ko huɗu a haka, cikin wata biyu zuwa uku, kayan sun ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka. Ganyen darbejiya ƙanana ne, su ke fara ɓacewa. Na mangwaro da na bishiyar turare masu taurin kai ne, za a gan su da siffarsu har ƙarshe idan ba a daddatse su ba, sai a tankaɗe a mayar da su sabon rami. Gawo kuwa kada a jira ganyensa yanzu, shi da rani yake kore, sai damina ta sauka yake zubarwa.

Kafin a kai wa shuka a gwada. A cika gwangwani da rabi taki rabi yashi, a watsa irin alayyafo ko salak. Idan ya tsiro kore ya miƙe, taki ya nuna. Idan ya ƙi fitowa ko ya yi rawaya, a ba rami ƙarin mako biyu. A fangalin lambu bokiti ɗaya ya ishi mita ɗaya murabba'i, a cakuɗa da ƙasar sama. Masu ajiyewa don gona su zuba a buhu a inuwa, rana na cinye ƙarfinsa. Idan gonar faƙo ce, hanyar tassa da manoman yankin Tahoua ke bi, wadda a Burkina Faso ake kira zai kuma marigayi Yacouba Sawadogo ya shahara da ita, ta fi tattali: a haƙa ƙananan ramuka faɗin taƙi guda tun da rani, a zuba taki damƙa biyu a kowane, a jira ruwa. A can gara abokiyar aiki ce, ita ke huda ƙasar da ta taurare ruwa ya samu hanyar nutsewa. Rami ɗaya na gida ba zai rufe gona ba, amma a tassa yana kaiwa ramuka ɗaruruwa.