Kafin ka kai wa tela wandon makaranta ya tsuke maka

Ƙannena 'yan sakandare, musamman ku da kuka shiga aji huɗu kuka fara jin kanku, ku sani malamin da ke tsaye a bakin get da dorina ba ya asarar komai idan ya tare ku saboda kaya ko aski. Albashinsa na nan ƙarshen wata. Ku ne darasin farko zai wuce, kuma a makarantar da na yi, lissafi ake sawa da sassafe, tun kai bai ɗau zafi ba.

Da na shiga aji huɗu, Baba ya yanko yadi a Kantin Kwari ya kai wa telan unguwarmu, ya ce a ɗinka da yalwa, a bar lanƙwasa mai yawa a ƙafa don ina kan tsawo. Wando ya fito kamar buhun gero, alhali abokaina duk fensir suke sawa. Sai na riƙa ɓoye kuɗin tara har suka isa, na kai wa wani tela can nesa da gida don kada labari ya dawo. Mutumin ya shimfiɗa wandon a kan keke, ya ja alli, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Samari, in kama maka ne daga ciki, ko in yanke?" Na ce ya yanke. Ya sake tambaya, na sake cewa ya yanke, har ina jin haushin yana ɓata min lokaci.

Tun daga ranar kullum sai an ware ni a get, a sa ni tsintar leda ko tsallen kwaɗo. Da na gaji sai na samo dabara, na riƙa laɓewa wajen mai ƙosai har malamin ladabtarwa ya bar ƙofa, sannan in sulale aji. A ganina na yi wayo. Zangon karatu guda na yi ina shiga bayan malamin lissafi ya goge allo, kuma abin da aka koyar a lokacin shi ne tushen abin da aka ɗora a aji biyar da shida. Sai da na zauna gaban takardar WAEC na san kuɗin wandon nan na gaskiya. Shi kansa wandon bai kai ƙarshen shekara ba, ya ɗangale, ko zaman tahiya ba na iya yi da shi cikin natsuwa, daga baya ya ɓarke a filin ƙwallo. Baba bai yi faɗa ba. Ya juya shi ya ga babu lanƙwasar da za a saki, ya ce, "To, ka yanke rabonka," ya koma Kwari da kuɗin da ba don wannan ya ajiye su ba.

In kayanka sun yi maka yawa da gaske, faɗa a gida, a kai wa tela ya kama daga ciki, kada almakashi ya taɓa yadin. In kuma da kai za a je sayayya, kada arha ta ja ku ga yadin roba mai sheƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano na haura digiri 40, yadin roba ba ya shan gumi, sai wari da ƙuraje. Mai auduga ya fi tsada kaɗan, ya fi son guga, amma jiki na shan iska. Farar riga kuwa a lokacin hunturu, ƙura ce abokiyar gabarta. Ɗan bula a ruwan ɗauraya yana taimakawa, kuma mai guga da dutsen gawayi ya busa tokar kafin ya ɗora, don tartsatsi ɗaya ya isa ya huda aljihu.

Aski ma na taɓa. A zamaninmu askin Balotelli ake yayi, a kwashe gefe da gefe a bar tsiri a tsakiya. Wanda ya tsallake malamai yana iya cin karo da 'yan Hisbah a hanya. Ni malami ne ya ratsa min hanya da almakashi a gaban asambuli, dole na je aka yi min ƙwal-kwabo. Har gobe ban yarda da wannan horon ba. Tozarci ne, kuma almakashi ɗaya da ke yawo daga kai zuwa kai ba tsafta ba ne. Makero ta haka yake yaɗuwa, ta kilifa da mataji da hular aro, kuma in ya kama fatar kai man shafawa kaɗai ba ya cika kashe shi, sai an je asibiti an sha magani na makonni. Saisaye dai shi ne kwanciyar hankali, kuma ka tabbata mai askin ya goge kilifarsa a gabanka. Idan malami ya wuce gona da iri, ba da shi za ka yi sa-in-sa a get ba. Ka kai maganar gida, iyaye su kai wa shugaban makaranta ko taron iyaye da malamai. Can ake sauya doka.

Abin da ya fi damuna yanzu ma ba wandon ba ne. Akwai wani a ajinmu da rigarsa ta koɗe, bajon ma na yayansa ne aka farke aka ɗinka masa. Muka sa masa suna, ni ne kan gaba. Ashe riga ɗaya gare shi, da daddare yake wankewa, wani lokacin da danshinta yake sawa. Amfanin kayan makaranta shi ne kada a gane ɗan mai kanti da ɗan mai tura baro a aji, mu kuma muka nemo hanyar ganewa. Ko a 2024 da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, cikin abin da ya biyo baya har da raba wa 'yan aji ɗaya na firamare kaya kyauta, don akwai gidajen da rashin riga kaɗai ke hana yaro zuwa makaranta.

Ku kuma ƙannena mata, hijabi ba abin jayayya ba ne a nan. A Legas ne sai da aka kai Kotun Ƙoli a 2022 kafin a tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa shi a makarantun gwamnati. Naku tarkon lalle ne. JAMB na ɗaukar hoton yatsu wajen rajista, ta sake dubawa a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma hukumar ta sha gargaɗin cewa lalle na hana na'urar karanta zanen yatsa. Ƙanwata ta sha jan lalle da dayis don bikin 'yar ɗakinsu ana gab da rajista, ta wuni a layi aka ce ta koma sai ya goge, ta dawo tana dirzar yatsu da lemon tsami tana kuka. In biki ya faɗo kusa da rajista ko jarrabawa, a yi zanen a bayan hannu, a bar kan yatsu fari sai an fito.