Abin da na koya daga tambayar ko mulhidanci addini ne

A karatun kwatanta addinai, babu tambayar da ta fi tayar mana da ƙura kamar ta ko mulhidanci, wato musun samuwar Allah, shi ma addini ne. Abin da na lura da shi, masu gardamar kowa yana riƙe da ma'auninsa a ɓoye, shi ya sa ake kwana ana musu ba a haɗu ba.

Masanin nan na Ingila, Edward Tylor, a 1871 ya ce addini shi ne yarda da samuwar ruhohi da abubuwan gaibu. Da wannan ma'auni magana ta ƙare, mulhidi ba shi da addini. Sai Emile Durkheim na Faransa ya zo a 1912 ya ce a duba abin da jama'a suka keɓe suna tsarkakewa, da ibadun da ke haɗa kansu su zama al'umma guda. Abin da ya tura shi ga wannan har da addinin Buddha, wanda asalin koyarwarsa bai tsaya a kan Mahalicci ba, amma yana da wuraren ibada da masu zuhudu da ƙa'idojin rayuwa. To ko a ma'aunin Durkheim ɗin, mutumin da kawai ya ce bai yarda akwai Allah ba, ina ibadarsa, ina ranarsa mai tsarki, ina jama'arsa? Musun nan shi kaɗai bai faɗa masa yadda zai binne mahaifinsa ba. Malaman Musulunci ma sun daɗe da rarrabewa. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, da ya zo lissafa ƙungiyoyin mutane, bai sa 'yan Dahriyya, wato masu musun Mahalicci, cikin ma'abota addinai ba, ya ajiye su cikin masu bin ra'ayin kansu.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne ɓangaren shari'a, domin nan ne masu cewa addini ne suke ɗebo hujja. A 1961 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sharaɗin jihar Maryland na cewa sai mutum ya furta imani da Allah kafin ya riƙe muƙamin gwamnati. A 2005 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta duba ƙarar wani fursuna a Wisconsin da aka hana shi kafa zauren nazarin mulhidanci, ta ce a wannan gaɓar a ɗauki mulhidancinsa a matsayin addini. Mutane suna yawo da wannan hukunci kamar ya warware komai. Alhali alƙalan tambayarsu daban ce: shin hukuma tana da ikon fifita wanda ya yi imani a kan wanda bai yi ba? Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fi fitar da abin a fili a 1993, da ya ce 'yancin addini ko aƙida ya haɗa da masu imani da marasa imani. Aƙida ce da doka ke karewa, ba sai an kira ta addini ba.

Akwai kuma abin da ba zan musa wa ɗaya ɓangaren ba. Idan mulhidanci ya samu mulki ko ƙungiya, yakan ari kayan addini ya yafa. A 1793 'yan juyin juya halin Faransa sun yi bikin bautar Hankali a cikin majami'ar Notre-Dame. Masanin falsafa na Faransa Auguste Comte ya tsara addinin 'yan Adamtaka, har da kalandar da aka sa wa watanninta sunayen manyan mutane. Tarayyar Sobiyet ta adana gawar jagoranta Lenin tun 1924, jama'a na layi don ziyara. Albaniya a 1967 ta rufe masallatai da majami'u. Sai dai a duk waɗannan, abin da aka tsarkake shi ne jam'iyya ko shugaba ko ɗan Adam, abubuwan da aka ɗora a gurbin da musun ya bari.

Ni mai imani ne, kuma shi ya sa abin yake damuna idan na ji ɗan'uwana mai imani yana cewa mulhidi "ai kai ma addini kake yi" don ya ƙure shi. Yana ganin ya yi nasara, amma ya mayar da addini kowane irin ra'ayi da mutum ya kafe a kai, ya cire masa wahayi da ibada da hisabi. Shi kuma mulhidin an laƙaba masa abin da bai ce ba, sai ya tashi daga zaman yana ganin ba a ma saurare shi ba.