Sunan Deng Xiaoping a Rubutun Turanci

Duk wanda ya duba jaridun Turanci da aka buga kafin shekarar 1979 zai tarar cewa Deng Xiaoping, shugaban da ya buɗe ƙofar tattalin arzikin ƙasar Sin ga duniya, ana rubuta sunansa ne Teng Hsiao-p'ing, bisa tsohon tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko mai suna Wade-Giles, wanda Turawan Ingila biyu suka tsara. Haka mujallar Time ta rubuta shi lokacin da ta zaɓe shi gwarzon shekarar 1978, amma da ta sake zaɓensa a 1985, Deng Xiaoping ta rubuta.

Dalilin sauyin shi ne, daga farkon 1979 gwamnatin Sin ta koma amfani da nata tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko, wato Pinyin, wanda ta amince da shi tun 1958, a duk abin da take wallafawa cikin harsunan waje, sai manyan kafofin labarai suka bi sahu. A ganina wannan mataki daidai ne, domin al'umma ita ta fi cancanta ta faɗi yadda za a rubuta sunayen 'ya'yanta, ko da yake harafin x, wanda lafazinsa ya yi kusa da "sh", ya daɗe yana rikita masu karatu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke ɗaukar Xiaoping a matsayin sunan iyali, alhali Sinawa da sunan iyali suke farawa. Saboda haka Deng ne ya kamata a kira shi a taƙaice, kuma daga nan Turanci ya samo kalmar Dengism domin bayyana manufofinsa.