Wasiƙa daga Marsey: sai da na ƙetare teku na ji kiɗan maƙwabta

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ina gaida iyaye da yayye da ƙanne, da fatan hunturun bana ya zo da sauƙi. Mu nan Marsey, a kudancin Faransa bakin teku, wata iska ce da suke kira mistiral take kaɗa mu, sanyinta kamar na asubar Gusau a watan Janairu, sai dai ba ta da ƙura.

Wata kunya da na sha a wurin aiki ce ta sa na rubuto. Muna cin abincin rana, wani abokin aikina Bafaranshe ya ji daga arewacin Najeriya nake, sai ya washe baki ya ce ai ba shakka na san Mdou Moctar. Na ce wa? Ya maimaita. Na ce ko ɗan ƙwallo ne. Bawan Allah ya yi dariya har ya ajiye cokali, sannan ya miƙo min wayarsa.

Ashe Ba'abzine ne daga jihar Tawa a Nijar, bahago mai kaɗa jita, wanda ya fara da jitar da ya haɗa da hannunsa da wayar birkin keke. Abin da ya fi sosa min rai, faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar nan da mawaƙan finafinanmu suke lanƙwasa murya da ita. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa a cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Ku duba zagayen da kiɗan nan ya yi: daga Sakkwato zuwa Mali, zuwa Amurka, zuwa Faransa, sannan ya iso kunnena, ni da aka haifa tafiyar awa uku daga inda aka naɗe shi.

Ba na cewa na taso da kunnen banza. A rediyon mahaifinmu na san Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, kuma har gobe ban ga wanda ya kamo ƙafarsu wajen sarrafa magana ba. Amma a nan matsalar take. Kunnen Bahaushe magana yake farauta: kirari, habaici, zambo, karin magana. Idan babu zancen da za mu cafke, sai mu ce ai hayaniya ce kawai. Na yi wa abokin nan wannan hanzarin, na ce ba na jin Tamashek, harshen Abzinawa da yake waƙa da shi. Ya ce shi ma bai ji. Da na dawo gida na tuna shekara nawa muka yi muna rera waƙoƙin Indiya a tsakar gida, alhali ko ruwa ba mu iya nema da Indiyanci ba, sai na ga hanzarin nawa ba shi da ƙafa.

Da farko na miƙa wuya ga YouTube da Spotify, na ce su zaɓo min. Ban daɗe ba na gane halinsu na maroƙi ne: abin da suka ga yana sa ka murmushi, shi za su yi ta maimaita maka har ka ƙosa. Ka saurari mai jita ɗaya, su jero maka masu jita arba'in. Sai na koma dabarar gida, irin tambayar da tsofaffi ke yi wa baƙo: ɗan gidan wa ne? Duk makaɗin da ya burge ni, sai na bincika wa ya koya masa, da wa ya taɓa zama ya yi kiɗa, kuma abin da ke hannunsa dangin wane kayan kiɗa ne a wurinmu.

Ta haka na je ga Tinariwen na arewacin Mali, iyayen gidan wannan salo na jitar Abzinawa, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, da Bombino na Agadas. Daga nan na faɗa kan Les Filles de Illighadad, 'yan mata daga wani ƙauye kusa da Abalak, da Fatou Seidi Ghali ke riƙe musu jita. Kiɗan tende suke yi, wato turmi ne ake ɗaure wa fatar akuya a baki, mata na tafi suna amshi. Ina ji sai ga tsakar gidanmu a idona, ranar suna, ana kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge. A gaskiya su suka fi kwanta min. Sababbin faifan Mdou Moctar kuwa, ƙarar jitar takan yi min yawa, sai na rage murya kamar mai gudun tada maƙwabci.

Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, shi ya koya min sauraron tsirkiya. Turawa na kiransa sarkin bulus (wani salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka) na Afirka, amma ku nemi inda ya ajiye jita ya ɗauki njarka, ƙaramin goge mai tsirkiya ɗaya, ku ce min ba ƙanin kukumar Ahmadu Doka ba ne. Ali Farka ne ya kai ni ga Toumani Diabaté mai kora, mai tsirkiya 21, don sun yi faifai tare, sai kuma Bassekou Kouyaté mai ngoni, wanda duk wanda ya san molo zai gane shi daga nesa.

Abin da ya fi girgiza ni kuma ba a waya na same shi ba. A unguwar Noailles, inda muke zuwa sayen kuɓewa da barkono, wani mai shago ɗan Maroko ya kunna wani kiɗa mai kauri, tsirkiya uku tana gurnani, ƙarafa na kacau-kacau a bayanta. Na tsaya da ledata a hannu. Ya ce Ginawa ne, kiɗan zuriyar baƙaƙen fata da aka ƙetara da su Sahara a zamanin cinikin bayi. Abin tsirkiyar gimbiri suke ce masa, ƙarafan kuwa tamkar sambanin da matanmu ke kaɗawa lokacin Mauludi. Tun 1998 ake yi wa kiɗan biki a garin Essaouira na Maroko, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2019. Wanda ya taɓa jin garaya daga nesa da dare zai gane abin da jikina ya ji. Ba ina tallan bori ba ne, Allah Ya tsare. Ina dai cewa na ji muryar dangi a bakin da ban zata ba.

Tun daga ranar na mai da tambaya sana'a. Wani maƙwabcina ɗan Sudan ya ba ni Aisha al-Falatiya, wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Hajji suka zauna a can, ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman. Wani ɗalibi ɗan Yamai ya ba ni Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. Ƙa'idata ɗaya ce: ba na yanke wa baƙon kiɗa hukunci sai na ji shi sau uku, a ranaku daban.

Bashin Bafaranshen nan kuwa na biya. Na kunna masa Ɗan Maraya Jos, na ce tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwanin sardin da aka rufe da fata, sunanta kuntigi. Ya ƙi yarda sai da ya ga hoto. Sai ya ce to su waye matasan da ke kaɗa irin wannan yanzu? Na ce Ɗan Maraya ya rasu a 2015. Ya ce ya ji, rayayyu yake tambaya. Nan ma na yi shiru.

Don haka ina da roƙo. Wanda ya ci karo da mai gurmi ko mai goge ko mai kukuma a kasuwar ƙauye, ko makaɗin dambe ko na noma, ya nemi izininsa, ya ba shi ɗan abin goro, ya ɗauka da waya ya ɗora a intanet, ya rubuta sunan makaɗin da garinsu a ƙasa, kada ya sa sunan kansa kawai. Ina da mutum a nan da ke jiran amsa duk ranar Litinin.

A gaida mutanen gida. Wassalam.