Saƙon Godiya Bayan Kammala Koyon Duba Lafiyar Gine-ginen Kasuwanci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana ranar Litinin da ta gabata, ranar da aka sake buɗe shagunan benen nan mai hawa uku da muka shafe mako goma sha ɗaya muna fama da gyaransa, aka kuma kammala ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙwarzane ba. Wannan rana ta zo daidai da cikar wata goma sha takwas da na yi ina bin maigidana Injiniya, ina koyon aikin duba lafiyar shaguna da ofisoshi da sito-sito a cikin birnin Kano. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba. Ba zan kama sunan kowa ba, domin mafi yawansu ba sa son a bayyana su, amma kowa zai gane kansa idan ya karanta.

Abin da ya tura ni wannan fanni shi ne benen da ya rufta a titin Beirut a ƙarshen watan Agustan 2022, ana tsaka da gininsa, a wurin da jama'a ke hada-hadar wayoyin hannu. Na je na ga ɓaraguzan da idona. A lokacin ina riƙe da takardar difloma a fannin gini, na san lissafin bulo da siminti, amma da na tsaya a gaban wannan tarin kankare da lanƙwasassun rodi sai na gane cewa da an kai ni wurin kwana ɗaya kafin faruwar abin, da ban san inda zan duba ba. Tun daga ranar nake neman wanda zai koya mini, har Allah ya haɗa ni da Injiniya.

Godiyata ta farko bayan ta Allah tasa ce. Ranar da na fara, ya miƙa mini tocila da ƙaramar guduma da tef ɗin awo da littafin rubutu, ya ce waɗannan sun ishe ni na wata shida. Da muka isa wata falaza, na nufi ƙofa kai tsaye, sai ya riƙo hannuna ya ce: "Yarona, ba a shiga gini sai an zagaye shi. Ka fara bin ruwa tukuna." Muka bi indararo muka ga inda yake zubarwa, muka bi kwata muka ga ko tana tafiya ko ta tsaya a gindin bango, muka duba inda ramin masai yake da nisansa daga harsashin gini, har ɗigon na'urar sanyaya ɗaki da ke sauka a kan ginshiƙi sai da ya sa na rubuta. Ya bayyana mini cewa ruwa idan ya ratsa kankare ya kai ga rodi, rodin yakan yi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta turo kankaren daga ciki ya ɓare. Shi ya sa ake barin tazara ta kimanin milimita 25 ko fiye tsakanin rodi da fuskar kankare, tazarar da masu gaggawa suke yawan mantawa da ita ranar zuba dekin.

Shi ya koya mini jin muryar kankare. Idan ka ƙwanƙwasa lafiyayyen ginshiƙi da guduma, sautin yakan fito a dunƙule, gudumar ta dawo hannunka. Idan kuwa ya rabu da rodinsa daga ciki, sai ka ji ya amsa kamar ƙwarya. Ya koya mini karanta tsaga, kuma a nan ne ya fi daɗewa da ni. Akwai siririyar tsaga irin ta filasta, wadda take bazuwa kamar saƙar gizo-gizo, wadda galibi fuska kawai ta ɓata. Akwai wadda take hawa bangon bulo kamar matakala, tana bin layin siminti, ita kuma tana nuna wani ɓangare na harsashi yana nutsewa. Akwai wadda take fitowa a tsaye a ƙarƙashin tsakiyar bim, wato kwantaccen kankaren da ke ɗauke da dekin tsakanin ginshiƙai, alamar kaya ya yi masa yawa har ya fara lanƙwasa. Sai wadda ya fi tsorata ni da ita, wato mai fitowa a karkace kusa da inda bim ya haɗu da ginshiƙi, domin irin wannan karyewar ba ta cika ba da dogon lokaci ba. Idan muna son sanin ko tsaga tana da rai, mukan manna siririn gilashi a kanta mu rubuta kwanan wata a gefe. In gilashin ya fashe, to, ginin yana motsi.

Akwai ranar da na kawo masa rahoton wani bene na ce lafiyarsa ƙalau, alhali ban hau saman rufin ba saboda an ce mabuɗin yana hannun wanda ba ya nan. Bai yi mini faɗa ba. Ya sa muka koma, muka jira mai mabuɗin har bayan la'asar, muka hau muka tarar da tankunan ruwa huɗu a jere a tsakiyar dekin, nesa da kowane ginshiƙi. Ya tambaye ni nauyin lita dubu ta ruwa, na ce tan ɗaya. Ya ce in lissafa sauran da kaina, sannan in rubuta a shafin farko na littafina cewa duk wurin da ban gani ba, dole rahoto ya faɗi ƙarara cewa ban gani ba. Har yau rubutun yana nan.

Ya kuma sha ba ni labarin ginin Rana Plaza na garin Savar, kusa da Dhaka a ƙasar Bangaladash, mai hawa takwas, wanda ya rushe ranar 24 ga Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134. Abin da yake nanatawa a labarin shi ne an ga tsagar tun kwana ɗaya kafin rushewar, an kira injiniya ya ce ginin ba shi da aminci, banki da shagunan ƙasa sun rufe, amma aka umarci masu ɗinkin tufafi da ke hawa na sama su koma bakin aiki washegari. Yakan ce gano ciwon gini rabin aiki ne, sauran rabin shi ne samun mai gini ya yarda. Ban fahimci nauyin wannan magana ba sai da muka zo kan benen da nake magana a kansa.

A nan dole in gode wa Baba maigadi, domin shi ne ya fara ganin alamun ciwon benen. Shi ya gaya wa mai ginin cewa ƙofar ƙarfe ta shago na uku ta daina rufuwa sai an dake ta, kuma yana share garin siminti a gindin wani ginshiƙi kowace safiya, washegari ya sake tarar da wani. Da muka zo, ya kama hannuna ya kai ni wurin. Na haska tocila na ga tsaga a tsaye a jikin ginshiƙin, na ƙwanƙwasa na ji ƙwarya, na sa bakin guduma sai ɓawon kankare ya faɗo kamar tafin hannu, ga rodi nan ja wur da tsatsa. A bayan ginshiƙin, wani ya taɓa sassaƙe shi ya cusa bututun ruwa, bututun kuma yana yoyo a ɓoye. Da muka hau sama, sai muka tarar da ɗakunan da zanen gini ya nuna ofisoshi ne an mayar da su sito. Dekin ofis ana lissafa masa kimanin kilo 250 a kan kowace murabba'in mita. Mu kuwa mun tarar da buhunan shinkafa masu kilo 50 an jera goma a kan juna, daga bango zuwa bango, wanda ya haura tan ɗaya a kan murabba'in mita guda. Baba, Allah ya saka maka da alheri. Idonka ya riga na'urarmu.

Godiya ta musamman ga Alhaji mai ginin. Ina tsaye Injiniya ya ce masa: "Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba, yau ya kamata a fitar da mutane, ba gobe ba." Na ga fuskarsa ta canja. Kuɗin hayar shekara ya riga ya karɓa, lokacin kuma na cinikin gab da azumi ne, akwai kuma waɗanda suka ba shi shawarar a kira birkila ya shafe wurin da siminti a yi fenti, magana ta mutu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaya ko akwai wata hanya. Aka ce babu. Ya ce: "To, a rufe. Ba zan iya tsayawa gaban Allah da ran mutum ɗaya a wuyana ba." Ya kuma ɗage wa kowane ɗan haya wa'adinsa da adadin kwanakin da aka rufe. Na ga masu gine-gine da dama a cikin wannan wata goma sha takwas, kuma a ganina abin da ya yi ya fi duk lissafin da muka yi wuya.

'Yan haya ma sun cancanci godiya, har waɗanda suka ɗaga mini murya a ranar farko. Ban riƙe kowa a zuciya ba, domin wanda aka ce ya kwashe kayansa daga inda yake cin abinci yana da haƙƙin ya ji zafi. Sun haƙura an sauke kayan sito a hankali, ɗaki bayan ɗaki, bayan an tokare dekin da ƙarafa tun daga ƙasa har sama. Shugaban 'yan shagon shi ya tsaya ya raba musu rumfunan wucin gadi, ya kuma hana kowa komawa ciki ɗaukar kaya da dare.

Ina gode wa tsohon birkilan da ya jagoranci gyaran, da masu ɗaurin rodi da kafintoci da leburori. An kankare tsatsar, an ɗaura sabon rodi kewaye da ginshiƙai huɗu, aka zuba musu sabuwar riga ta kankare. Tsohon nan ne ya koya mini gane yashi mai laka ta hanyar murza shi a tafin hannu, ya kuma hana yaransa ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin zuba, domin yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Kullum safe da yamma yana shayar da ginshiƙan, ya naɗe su da jiƙaƙƙun buhuna. Mun ɗebi samfur a ranar zubi, aka matse shi a ɗakin gwaji a kwana 7 da kuma kwana 28, kuma ba a cire ko ƙarfen tokara ɗaya ba sai da sakamakon na biyu ya fito. Mutane da yawa sun yi ta tambayar abin da ake jira tunda ginin ya bushe, shi kuwa yana amsa musu da haƙuri cewa bushewa daban, ƙarfi daban.

Ga mai aikin lantarki da ya bi ni shago-shago, na gode. Shi ya nuna mini inda aka ja soket da waya mai milimita 1.5, wadda ta fitila ce, maimakon mai 2.5, da inda aka ɗaure fis da zaren tagulla, da baturan sola da aka jibge a bayan kwalaye babu iska. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris ɗin 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na gode wa jami'in kwana-kwana da ya ba mu lokacinsa ya koya wa 'yan shago bambancin tukunyar kashe gobara ta ruwa da ta hoda, da dalilin da ya sa ba a watsa ruwa a wutar lantarki. Bisa shawararsa aka buɗe matakala ta biyu da aka daɗe da toshewa da kaya, aka juya ƙofarta tana buɗewa waje, aka kuma fitar da janareta daga ƙarƙashin matakala zuwa fili, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba.

Ina so in fayyace wani abu ga waɗanda suka fara kirana tun jiya kan duba gine-ginensu. Abin da na koya shi ne dubawa da aunawa da rubuta abin da na gani. Hukuncin cewa gini zai ɗauki kaya ko ba zai ɗauka ba, da zanen gyaransa, aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1970, kamar yadda magina suke da tasu hukumar ta CORBON. Duk rahoton da na rubuta sai Injiniya ya je ya gani da idonsa kafin ya sa hannu, kuma haka za mu ci gaba.

Mahaifiyata da maiɗakina sun jure dawowata cikin dare da ƙura a ka, sun kuma jure watannin da babu abin da nake shigowa da shi sai kuɗin mota. Allah ya ba ni ikon kyautata musu. Allah ya ƙara wa Injiniya lafiya da nisan kwana, ya jiƙan mahaifansa, ya mayar wa Alhaji da 'yan haya ninkin abin da suka rasa.

Roƙona ga 'yan shago shi ne, akwai gilasai uku da muka manna a bangon baya na hawan ƙasa, kowanne da kwanan wata a gefensa. Don Allah kada a taɓa su, kada a jingina musu kaya, kada kuma a yi fenti a kansu. Zan riƙa zuwa ina duba su duk mako biyu har damina ta wuce. Wanda ya ga ɗaya ya fashe, ko ya ga ƙofarsa ta fara gardama, ya sanar da Baba maigadi nan take, lambata tana hannunsa.

Wassalamu alaikum.