Kukan da Aka Saya a Surulere

Ina da shekara 7 aka fara biyan kuɗi don in yi kuka. Baba maigadi ne a wani gida da 'yan fim ke haya a unguwar Surulere ta Legas. Ranar nan yarinyar da za ta fito 'yar talla ba ta zo ba, darakta ya hango ni a bakin ƙofa, shi ke nan. Shekara 6 ina fitowa, kullum 'yar aiki ko marainiya, har kaset-kaset ɗina suka cika kasuwar Idumota. Ko sisin kwabo bai taɓa shiga hannuna ba.

Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. In hawaye ya ƙi zuwa, Baba kan ja ni bayan janareto ya tsula mini wayar wuta, in dawo gaban kyamara ina shessheƙa, a yi ta tafi ana yaba baiwata. Inna ta ce, "Yi haƙuri, mahaifinki ne." Da na girma sai kukan ya ɗauke ɗungurungum. Ranar da Inna ta rasu a Agege idona ƙamas, mata suna ta zunɗe na.

Wata likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ce ta ce in rubuta. Na ja ƙafa kafin in je, don kowa ya san abin da ake nufi a Legas in an ce mutum ya tafi Yaba. Na fara da Turanci, rubutun ya fito sumul kamar labarin wata. Sai da na koma Hausa, na rubuta "duka" da sunansa, hannuna ya kama rawa. A nan na gane labarin ya zama nawa. Na kuma koyi tsayawa: shafi ɗaya bayan asuba, in rufe littafin, in tafi shago.

Cikin wannan aiki na ci karo da labarin Jackie Coogan, yaron fim na Amurka da ya maka mahaifiyarsa da mijinta a kotu kan dukiyarsa, har Kalifoniya ta yi doka a 1939 don kare kuɗin yara 'yan wasa. Mu ma muna da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, Legas ta yi tata a 2007. Amma bayan janareto babu wanda ya leƙo.

Goggo ta ji ina rubutu, ta zo takanas. "Ke 'yar nan, asirin ubanki za ki tona? Allah ya ce ko 'uf' kada a ce wa iyaye." Na ce, "Goggo, ban zage shi ba. Amma ai Annabi (SAW) ya ce kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa." Ta yi shiru.

Duk wata ina aika wa Baba shinkafa da kuɗin magani, amma ba na kwana gidansa. Jiya 'yata ta faɗi tana kuka, na ji bakina zai ce "yi shiru". Na haɗiye, na ɗauke ta, ta yi har ta gaji.