Gishirin Inna da hiliyam

Shekaranjiya da magariba a gidanmu na Tudun Wada, nan Gusau, Inna tana zuba gishiri a miya, kaɗan ya faɗa cikin garwashi, harshen wutar ya koma rawaya. Na ce mata launin nan nake ta lissafi a kwamfuta tun bayan Babbar Sallah. Ta ce, "To mi kake nema, ɗan nan, ga shi kana gani da idonka?" Ban sami amsa ba.

Rawayar nan ta sodiyam ce, sinadarin da ke cikin gishiri: tsawon zangon haskenta nanomita 589, ƙarfinsa wajen eV 2.1 (eV ma'aunin ƙarfi ne a duniyar atam). Hasken da atam ɗin ke fitarwa in ya ji zafi, shi ne wanda yake haɗiyewa in an haska masa. Ni kuwa da DFT nake aiki, hanyar lissafin atam da Hohenberg da Kohn suka aza harsashinta a 1964: maimakon a bi sawun kowane ilektaron (ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye cibiyar atam), sai a duba yadda suka cunkushe a kowane wuri. A 1984 Runge da Gross suka faɗaɗa ta yadda za ta ɗauki girgizar da haske ke yi wa atam.

Kan sodiyam, lissafina ya sauka dab da abin da aka auna, har kaina ya fara kumbura. Sai na koma kan hiliyam, wata iskar gas mara nauyi. Ilektaron biyu kacal, na ce kafin shayi ya huce na gama.

Kwana uku ina zargin kaina. Hiliyam yana shan haske a eV 21.2, kuma sai an kai 24.6 ilektaron ke tsinkewa ya bar atam. Amma LDA, ƙiyasin DFT da na fara da shi, ta ba ni iyakar tsinkewar nan a wajen 15.5. Wato matakin da nake nema ya riga ya fita daga turken. A LDA ilektaron yana ture kansa da kansa, shi ya sa jan cibiyar atam ke mutuwa da wuri in ya yi nisa. Kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya, ta ɗan matsa sai lissafi ya ce ta ɓace, alhali tana nan tana kiwo.

Abin da ya fi ba ni haushi, kwamfutar ba ta yi gargaɗi ba. Lamba ta fito tsaf, da wutsiyar adadi bayan ɗigo.

Yanzu na saka gyaran LB94 na van Leeuwen da Baerends, wanda ke tsawaita igiyar. Batir saura kashi 18, wuta kuma tun la'asar ba ta dawo ba.